Jagora ga Mai Tunanin Sauya Aksil ɗin Baya Domin Tuƙin Gasa

Masu fara gyaran mota domin gasa suna yawan faɗawa cikin ɗayan kurakurai biyu game da aksil ɗin baya, kuma duka biyun daga rashin lissafi suke tasowa. Wasu suna ƙara wa inji ƙarfi, su ɗaura tayoyi masu kama ƙasa, su bar aksil yadda kamfani ya ƙera shi har ranar da shaf zai karye a wurin tashi. Wasu kuma suna sayen aksil mafi girma da suka ji ana yabo, su kashe kuɗin da ya isa gyara birki da tayoyi, motar ta ƙara nauyi ba tare da ta ƙara gudu ba. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne yawan ƙarfin murɗa da taya za ta iya riƙewa kafin ta sulɓe, kuma wannan abu ne da ake lissafawa a kan takarda kafin a kwance noti ko ɗaya.

Juyin inji yana bi ta giyabos ya shiga furofela, wato dogon bututun da ke juyawa a ƙarƙashin mota, har ya isa wani ƙaramin giya mai suna finiyon. Finiyon yana juya babban giya mai siffar zobe da ake kira kambi, inda juyin yake karya kwana ya nufi tayoyi. A cikin kambin akwai difarenshal, tarin ƙananan giyoyi da ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota tana shan kwana, daga nan kuma shaf biyu suke kai juyin ga tayoyi. Da faɗin kambi ake ambaton girman aksil, saboda haka idan aka ce aksil na inci 9, kambinsa ake nufi.

Abubuwan da ake buƙata

- Littafin gyara na kamfanin motar, domin ma'aunin giyoyi da ƙarfin ɗaurin kowane noti daga cikinsa ake ɗaukowa.
- Jak da ƙafafun tallafi na ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, haka nan ba a dogara da bulo ko tulin duwatsu.
- Agogon awo mai gindin maganaɗisu, wanda ke nuna motsi ko da na kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne.
- Sufana mai auna ɗauri guda biyu, babba domin kusoshin kambi, ƙarama domin auna matsin boris na finiyon.
- Fentin gwada haɗuwar haƙora, da ma'aunin kusurwa, da tef ɗin awo.
- Makanikin da ya taɓa saita kambi da finiyon da agogon awo, wanda samunsa ya fi samun sauran kayan wuya.

Mataki na 1: Tabbatar da irin motar

Motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Golf da Civic da Corolla ta zamani, ba su da kambi ko difarenshal a baya, don haka wannan magana ba ta shafe su ba. Motocin da ke ja ta baya kuwa iri biyu ne. Akwai masu aksil ɗaya tsayayye da ya haɗa tayoyin biyu, kamar Hilux, da Corolla AE86 da aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, da yawancin Ford Mustang har zuwa 2014. Akwai kuma waɗanda kowace taya ke motsi da kanta, an ɗaure difarenshal a jikin wani firam, shaf biyu masu gaɓoɓi suna fita daga gare shi, kamar BMW E30 da E36 da Mercedes 190. A irin na biyu, raunin ba lallai ne ya kasance a giyoyi ba: BMW E46 ta yi suna wajen tsagewar ƙarfen jikin mota a wuraren da aka ɗaure firam ɗin baya, kuma wanda ya sa mata difarenshal mai ƙarfi bai ƙarfafa waɗannan wurare ba, ya ƙara wa tsagar sauri ne kawai.

Mataki na 2: Fayyace irin gasar

Tseren miƙe na kwata mil, wato mita 402, shi ne ya fi cin aksil, domin dukan ƙarfi yana sauka lokaci ɗaya a giya na ɗaya a kan tayoyin da aka yi su domin kada su sulɓe. A tseren zagaye matsalar zafi ce, mai yana tsinkewa bayan dogon gudu, kuma nauyin aksil yana hana tayoyi bin ƙasa. Wasan dirif, inda ake sulɓar da bayan mota da gangan, yana buƙatar tayoyin biyu su juya tare, yana kuma girgiza shaf duk lokacin da direba ya taka kuloci ya sake shi da ƙarfi. Rali a kan hanyar burji yana lanƙwasa gidan aksil da boris saboda tsalle da ramuka tun kafin giyoyi su gaji. Wanda bai tsayar da ɗaya daga cikin waɗannan ba zai sayi kayan da suka dace da gasar wani.

Mataki na 3: Lissafa abin da shaf zai ɗauka

Ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da nuton-mita ko Nm a taƙaice, yana ninkuwa a kowane giya da ya ratsa. A ɗauki injin da ke ba da Nm 400, giya na ɗaya mai ma'auni 3.35, da aksil mai ma'auni 3.73. Idan aka ninka 400 sau 3.35 sau 3.73 za a sami kusan Nm 5,000, wanda shaf biyu za su raba. Wannan shi ne abin da injin zai iya aikawa, amma aksil ba zai ji shi duka ba sai in taya ta riƙe.

Saboda haka ake yin lissafi na biyu. Idan nauyin da ke kan tayoyin baya kilo 800 ne, tayar kuma ta titi ce da ke riƙe kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin da ke kanta, kuma daga tsakiyarta zuwa ƙasa mita 0.32 ne, sai a ninka 800 sau 9.81 sau 0.9 sau 0.32, a sami kusan Nm 2,260. Da zarar ƙarfi ya wuce wannan, tayar za ta sulɓe ta yi hayaƙi, ragowar ƙarfin ya tafi a banza, aksil kuma ya tsira. Idan aka ɗaura wa motar nan tayoyin tsere marasa zane a filin da aka shirya, nauyi ya koma baya wajen tashi har ya kai kilo 1,100, riƙon kuma ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin, lissafin zai haura Nm 5,000, ma'ana dukan abin da injin ya aika zai ratsa shaf. Injin bai canza ba, amma nauyin da ke kan aksil ya ninka fiye da sau biyu. Wannan ne dalilin da ya sa mota mai ƙarfin doki mai yawa take shekaru da aksil ɗin kamfani a kan tayoyin titi, wata kuma mai ƙaramin inji ta karya nata a makon da aka sauya mata tayoyi.

Lissafin bai ƙunshi duka ba, domin bugun da ke zuwa idan an saki kuloci farat ɗaya yana wuce adadin da aka samu, abin da ya sa mota mai giyar hannu ta fi mai giyar otomatik cin aksil. Mafi muni shi ne tsallen taya, inda tayar ke kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya har bayan motar ya riƙa karkarwa. Shaf da ya jure ƙarfi mai yawa yana iya tsinkewa a irin wannan yanayi, kamar yadda igiyar guga ke jure nauyin ruwa amma ta tsinke da fizga. Maganin tsallen taya yana wurin bushin da shokabzoba da sandunan hana sifirin nannaɗewa, kuma direban da ya ji motar ta fara shi ya ɗaga ƙafa daga totur nan take.

Mataki na 4: Duba aksil ɗin da ke jiki

Kafin a yanke cewa aksil ya yi ƙanƙanta sai a tabbatar ba tsufa ne ke damunsa ba. A zubar da mansa a cikin kwano mai tsabta: laushin garin ƙarfe a kan maganaɗisun murfi abu ne da aka saba gani, amma gutsattsari masu kaifi da ake ji a tsakanin yatsu alama ce ta haƙori ko boris da ya fara fashewa. Kuka mai tashi da sauka gwargwadon taka totur yana nuna kambi da finiyon, gurnanin da ke ƙaruwa idan an karya kwana gefe ɗaya kuma yana nuna boris na taya. A zare shaf a dubi tsagin da ke bakinsa, wato ƙananan haƙoran da ke shiga difarenshal. Idan layukansu sun ɗan karkace maimakon su miƙe, ƙarfen ya riga ya murɗe, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa an kai iyakar shaf ɗin.

Mataki na 5: Ma'aunin giya

Galibin masu cewa motarsu ba ta da kuzari ma'aunin giya suke nema, ko da ba su sani ba. Ma'aunin yana fitowa ne daga raba haƙoran kambi da na finiyon: 40 da 13 suna ba da 3.08, 41 da 11 suna ba da 3.73, 41 da 10 suna ba da 4.10. Tashi daga 3.08 zuwa 4.10 yana ƙara ƙarfin murɗa a taya da kashi 33 cikin ɗari a kowane giya, ba tare da an taɓa inji ba.

Kuɗin da ake biya shi ne juyin inji. Taya mai kewayen mita 2 tana juyawa sau 1,000 a minti a gudun kilomita 120 a awa. A giyan da furofela ke juyawa daidai da inji, aksil na 3.08 zai sa injin juyi 3,080, na 4.10 kuma 4,100. A giya na biyar mai ma'auni 0.68, adadin zai zama kusan 2,100 da 2,800. Bambancin yana bayyana a shan mai da ƙara da zafi. Mai tseren zagaye sai ya lissafa ko injin zai kai iyakar juyinsa kafin ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, domin ƙarin canjin giya ɗaya yana iya cinye ribar da aka samu. Akwai kuma abin da ake mantawa: finiyon mai haƙora 10 ya fi mai 13 ƙanƙanta da rauni, kuma sabon ma'aunin yana ƙara wa shaf nauyi, don haka sai a maimaita lissafin mataki na 3. A mota mai ja ta tayoyi huɗu dole ma'aunin gaba da na baya su zama ɗaya.

Mataki na 6: Zaɓen difarenshal

Difarenshal na yau da kullum yana raba ƙarfi daidai ga tayoyin biyu, wanda ke nufin idan ɗaya ta sulɓe, ɗayar ma ba za ta sami fiye da ɗan abin da mai sulɓin ta riƙe ba. Motar da ke fitowa daga kwana tayar ciki tana hayaƙi ba ta da matsalar ƙarfin aksil, kuma sauya difarenshal kaɗai zai ba ta abin da mai ita ke nema, da kuɗin da bai kai na sabon aksil ba.

Mai taƙaita sulɓi na faranti, irin Traction-Lok na Ford da Positraction na General Motors, yana amfani da faranti masu gogayya kamar na kuloci. Yana aiki ko da taya ɗaya ta yi sauƙi, amma farantan suna cinyewa, kuma yana buƙatar sinadarin da ake ƙara wa mai, in ba haka ba ya riƙa kakkarwa a kwana. Mai giyoyi masu murɗaɗɗun haƙora, irin Torsen da Quaife da Truetrac, ba shi da farantin da zai cinye kuma yana da laushi a hannun direba, abin da ya sa ya dace da motar da ke zuwa aiki ranar Litinin ta je filin tsere ranar Asabar. Rauninsa shi ne idan taya ɗaya ta ɗaga sama gaba ɗaya, yana komawa kamar na yau da kullum. Mai kullewa, irin Detroit Locker, ya fi dacewa da tseren miƙe da jeji.

Walda giyoyin difarenshal su zama dunƙule ita ce hanya mafi arha, kuma ta yaɗu a tsakanin masu dirif. A filin wasa tana da amfaninta. A kan titi kuwa tana sa mota ta ƙi shan kwana, ta cinye tayoyi, ta murɗe shaf a duk juyawar da aka yi a wurin ajiye mota, kuma da ruwan sama bayan motar yana iya kufcewa ba gargaɗi. Motar da ke ɗaukar iyali bai kamata a yi mata wannan ba. A lura kuma cewa duk difarenshal da ke kulle tayoyi yana iya tura mafi yawan ƙarfin ga shaf ɗaya, saboda haka rabon da aka yi gida biyu a lissafin mataki na 3 ba ya nan daram.

Mataki na 7: Shaf da abin da ke riƙe shi

Ƙarfin shaf wajen jure murɗa yana ƙaruwa ne da kaurinsa ninki uku a jere, wato ƙarin kauri na kashi goma cikin ɗari yana ba da ƙarin ƙarfi na kusan kashi ɗaya bisa uku. Kusan wannan ne bambancin da ke tsakanin shaf mai tsagi 28 da mai tsagi 31 a aksil ɗin Ford na inci 8.8, kuma ana iya komawa na 31 a cikin gida ɗaya matuƙar an sauya difarenshal ya dace da shi. Shaf na ƙarfe mai lamba 4340 yana ƙara wani ƙarfin a kan haka.

A aksil da yawa na Amurka, har da 8.8 da na General Motors masu kusoshi 10 da 12, wani ɗan makulli mai siffar harafin C ne a cikin difarenshal yake hana shaf zarewa. Idan shaf ya karye, babu abin da ya rage yana riƙe da ɓangaren waje sai birki, kuma taya na iya ficewa daga mota ana cikin gudu. Saboda haka hukumar tseren miƙe ta Amurka, NHRA, take wajabta shaf na musamman da na'urar riƙe shi ga motocin da ke gama kwata mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka.

Mataki na 8: Lokacin da sauya aksil gaba ɗaya ya wajaba

Ana kaiwa nan ne idan kambin kansa ya yi ƙanƙanta, ko gidan yana lanƙwasa har haƙora su rabu da saitinsu, ko babu mai ƙera shaf da difarenshal masu ƙarfi na wannan aksil, ko kuɗin ƙarfafa shi ya kusa na wani babba. Aksil na inci 7.5 da ke cikin Camaro daga 1982 zuwa 2002 sanannen misali ne na wanda ƙarfafa shi ba ya kai mutum nesa.

Ford na inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986 kuma kamfanoni ke ci gaba da yin sababbinsa, ya sami karɓuwa saboda dalilai biyu: finiyonsa yana da boris na uku a bakinsa da ke hana shi kaucewa, kuma kan aksil ɗin yana fita gaba ɗaya ta gaba, don haka ana iya ajiye kai biyu masu ma'auni daban a musanya su tsakanin gasa da gasa. Amma finiyonsa yana zaune inci 2.25 ƙasa da tsakiyar kambi, abin da ke ƙara gogayya ya ci ɗan ƙarfi ya ƙara zafi. Na 8.8 ya fi shi sauƙin nauyi, wanda ke cikin Ford Explorer na 1995 zuwa 2001 kuma yana zuwa da tsagi 31 da birkin faranti. Dana 60, mai kambin inci 9.75, ya wuce bukatar yawancin ƙananan motoci. Aksil ɗin Hilux na inci 8 shi ma kansa yana fita ta gaba, kuma ga mai neman kaya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, samun boris da sil da shaf ɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, wanda hujja ce mai nauyi, domin aksil da za a jira kayansa daga ƙetare motar ajiyewa yake samarwa.

Kuɗin aksil ɗin kansa somin-taɓi ne. Faɗinsa daga fuskar taya zuwa fuskar taya dole ya dace da jikin mota, ramukan kusoshin taya su dace da wili, a yanke furofela ko a ƙara ta a kuma daidaita ta, a haɗa birkin hannu da na'urar ABS da agogon gudu idan daga aksil suke karantawa. Birkin baya da ya fi na asali ƙarfi yana sa tayoyin baya su kulle kafin na gaba, motar ta juya. Waldar kunnuwan sifirin a jikin bututun aksil tana lanƙwasa shi, don haka ake yin ta kaɗan-kaɗan ana barin ƙarfe ya huce, a sake auna miƙewarsa daga baya. Kusurwar kuros biyu na furofela, wato gaɓoɓin da ke bakunanta biyu, ya kamata su yi daidai da juna, bambancinsu kada ya wuce digiri ɗaya, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris na finiyon. Sannan duk kilon da aka ƙara a aksil tsayayye nauyi ne da sifirin ba ya ɗauke da shi, wanda ke sa tayoyi su riƙa tsalle a kan gargada, kuma mai tseren zagaye da ya sa aksil fiye da bukatarsa yakan ga lokacinsa ya ƙaru.

Mataki na 9: Saiti da horar da sababbin giyoyi

Giyoyi masu tsada suna lalacewa cikin 'yan kwanaki idan an saita su da ido. Abubuwa huɗu ake aunawa: zurfin finiyon, matsin boris ɗinsa, matsin boris na difarenshal, da wasan da ke tsakanin haƙoran kambi da finiyon, wanda a ƙananan motoci galibi yake tsakanin milimita 0.15 da 0.30, littafin kamfani kuma shi ne mai yanke ainihin adadin. Ana shafa fenti a haƙora huɗu ko biyar, a juya kambin ana ɗan danne shi, a dubi inda fentin ya goge: tabo mai siffar ƙwai a tsakiyar haƙori shi ake nema, wanda ya hau kan haƙori yana nuna finiyon ya yi nisa, wanda ya nutse gindi kuma yana nuna ya shige da yawa. Kambi da finiyon tare ake ƙera su, ba a haɗa na wannan da na wancan, kuma ɗan bututun ƙarfe mai matsewa da ke tsakanin boris biyu na finiyon ba a mayar da tsohonsa.

Bayan haɗawa ana zuba man giya na ajin GL-5, irin 75W-90, ko 75W-140 ga motar da za ta sha zafi. Tafiyar farko ta kasance ta minti 15 zuwa 20 a hankali, a tsaya aksil ya huce sarai, a maimaita haka sau biyu ko uku. Ba a tashi da ƙarfi ko shiga gasa sai an yi kimanin kilomita 800, sannan a zubar da man, a duba maganaɗisun murfi, a zuba sabo, a sake bin kusoshin sifirin da na furofela da sufana mai auna ɗauri.